Ƙafafun da Baba Ya Rataye

"Kwashe su ka bar mini rumfa."

Baba bai ɗaga murya ba. Kafin Wilson ya sunkuya, Baba ya sa ƙafa ya ture ƙafafun keken nan guda biyu, suka gangara har bakin kwalbati suka kife. Sababbi ne fil, sirara, tayoyinsu masu farin gefe sai sheƙi suke yi.

Ina tsaye riƙe da kwanon tuwon da na kawo masa, na kasa gaba na kasa baya.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Wilson. "Ban sani ba. Ko wani laifi na yi..."

"Na ce ka kwashe. 'Yar tawa kuma ka cire ta daga ranka."

Ni ce 'yar, sunana Judith, kuma ni kaɗai Allah ya bar wa Baba Ishaya mai gyaran keke a Sabon Tasha. A shekarar da sojoji suka koma bariki na gama karatun ungozoma. Aka sake buɗe wani ɗan asibiti a ƙauyen mahaifiyata, can bayan Kujama cikin duwatsu, aka ce ni za a tura. Wilson kuwa ɗan Filato ne, yana aiki a wani kamfani a Kudenda. Ya ce zai ajiye aikin ya bi ni ya kama noma, in dai Baba ya ba shi ni. Har ya sayo gangar jikin keken hawan dutse a gwanjo, don in riƙa zagaya ƙauyuka wajen masu naƙuda. Ƙafafu kawai suka rage, kuma ya ɗauka in ya kawo wa Baba ya ɗaura da hannunsa, zai faranta masa rai.

Bawan Allah, bai san inda ya taka ba.

Da yamma muka haɗu da Wilson a bayan coci. Idanunsa sun yi ja.

"Judi na, me na yi?"

"Wa ya zaɓa maka ƙafafun nan?"

"Naomi ce. A shagon yayanta na saya. Ta ce irinsu Baba ya fi so, wai da su ya yi samartakarsa."

Nan take na gane da gangan ta yi. Naomi muna ƙungiyar mawaƙa tare, kuma tun ranar da Wilson ya fara zuwa cocinmu waƙarta ta ƙara zaƙi. A cikinmu ta girma. Babu abin da matan zumuntar coci suka sani wanda ba ta sani ba.

Nan na gaya masa abin da ban taɓa iya faɗa masa ba. Ina ƙarama naƙuda ta kama mahaifiyata Dorcas a ƙauyen nan, ga damina ta yi nisa. Baba ya ɗora ta a bayan kekensa, keken da yake ji da shi, mai siraran ƙafafu da farin gefe. A gangaren rafi ƙafar baya ta daki dutse ta lanƙwashe. Ya goya ta ya ci gaba da ƙafa, amma kafin su kai kwalta rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Tun daga ranar bai sake taka ƙauyen ba.

Wilson ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa.

"Wilson, ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidanka ba tare da albarkar Baba ba. Ba shi da kowa sai ni."

Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya tafi.

Washegari na samu Naomi a shagon, tana yanke farce. Ko kunya babu a idonta.

"Ni kasuwa nake yi, Sista. Ya kawo kuɗi na ba shi kaya. Ke ma in da tausayi, ai sai ki tafi ƙauyenki ke kaɗai ki bar mutum da aikinsa."

Na so in zage ta, amma kuka ya riga ni, na juya na fito.

Daga nan Wilson ya ɓace. Ranar Lahadi bencinsa babu kowa. Na je ɗakinsa a Narayi na tarar da kwaɗo a ƙofa. Naomi ta bi 'yan mata tana cewa ai ya koma Filato, an ba shi mata a gida. Na daina cin abincin kirki. Baba yana gani, amma sai ya sunkuyar da kai yana facinsa, ni kuma ina fushi da shi ina tausayinsa a lokaci guda. Ga ranar kama aikina tana ta matsowa.

Wata safiya ina share gaban rumfa, sai ga Wilson yana ɗingishi, ƙaurinsa ɗaure da tsumma, yana tura wani tsohon keken aro da ƙafarsa ta karkace. Zuciyata ta buga har na yar da tsintsiya. Bai kalle ni ba. Ya wuce gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, na je na ga hanyar."

Baba ya ci gaba da goga tib ɗin tayar da ke hannunsa.

"Na bi ta da rana, na bi ta bayan an yi ruwa. Ƙaramar ƙafa duk ramin da ta samu sai ta faɗa, babba ce kaɗai za ta haye. Siririyar taya kuma santsi take yi a kan dutse. Sai mai faɗi, mai haƙora, kuma kada a cika mata iska ta yi tauri."

Hannun Baba ya tsaya.

"A ina ka faɗi?"

"A gangaren rafi. Akwai wani baƙin dutse da ke ɓoye cikin ciyawa..."

"Yana nan ke nan," in ji Baba a hankali.

"Yana nan. Na zagaya kasuwa ban samu ƙafar bayan da na yarda za ta ɗauki kaya a wurin ba. In babu ita, Baba, ni da kaina ba zan bar Judith ta hau hanyar nan ba. Abin da na zo faɗa muku ke nan."

Can Baba ya miƙe, ya jawo benci ya taka, ya miƙa hannu cikin rufin rumfar. Akwai wani buhu da ke rataye a wurin tun ina yarinya, wanda ko da wasa ba a bari in taɓa. Ya sauko da shi ya kwance bakinsa.

Ƙafafun keke ne guda biyu, manya, masu kaurin ƙarfe. Wayoyin ta baya sun fi na kowace ƙafa da na taɓa gani yawa. Babu tsatsa ko ɗigo.

"Bayan mun binne Dorcas na ɗaure su," ya ce. "Duk damina ina sauke su in shafa musu mai in mayar. Da waɗannan ne a ƙarƙashinta ran nan..."

Na durƙusa na riƙe gwiwarsa, hawayena na zuba a kan wandonsa mai baƙin mai.

Ya miƙa wa Wilson ƙafar bayan.

"Taya ce babu, ita ba ta jure ajiya. Ka je ka zaɓo, ka san irin wadda za ka nema. In ka dawo kuma ka ce wa iyayenka su zo."

"Baba!" Shi ke nan abin da na iya faɗa.

Aka ɗaura aurenmu a cocin Sabon Tasha. Naomi ba ta yi waƙa ranar ba, wai maƙogwaro ke damunta.

Ranar tafiyarmu, muna loda kaya sai ga Baba da hularsa ta zuwa coci, ya shiga gaban mota bai yi wa kowa bayani ba. Inda kwalta ta ƙare muka sauka muka taka, muna tura keken da Baba ya ɗaura wa ƙafafun nan nasa. Da muka iso gangaren rafi Baba ya tsaya, ya ɗaure akwatin aikina a bayan keken da hannunsa, ya matsa tayoyin da babban yatsa.

"Hau," ya ce.

Na hau ina addu'a a zuci. Keken ya gangara, na ji ƙafar gaba ta taka dutsen, ta baya ta bi ta, ruwa ya fantsama mini a ƙafa, sai ga ni a ɗaya gaɓar.

Na taka birki na waiwaya. Wilson na riƙe da kafaɗar Baba, shi kuma ya cire hula ya rungume ta a ƙirji. Ba ni yake kallo ba, dutsen yake kallo.

"Dorcas," na ji ya ce, "kin gani? Ta haye."