Gawar da Aka Rufe da Ƙaya

Da hantsi makiyaya suka kawo labari komisariyar 'yan sandan Dakoro: ga gawa nan a hanyar Azagor. Ajudan ne, shugaban masu tsaron iyakar da suka yi bore, suka cika kamiyo, babbar motar kaya, suka taho Dakoro kawo kukan ƙishirwa da yunwa.

Gwamnati ta riga ta karɓe bindigoginsu, ta yi alkawarin afuwa. Da jin labarin gawa sai gwamnatin Yamai ta janye alkawarin: ko a fito da mai kisa, ko dukansu su tafi kotun soja.

Insifekta Mainassara ya tsuguna gaban gawar. An kwantar da ita tana fuskantar gabas, an lulluɓe ta da rassan ƙaya, gindin kowane reshe yana ciki don kada dila ya ja. Shi ma ya yi tsaron iyaka da ƙuruciya, zamanin raƙuma da salkar ruwa, lokacin da shugaba ba ya sha sai na ƙasa ya sha. Haka masu tsaron iyaka na da suke rufe nasu. Allah sarki, wa ya rage da ya san wannan?

Da ya koma komisariya ya fara tambayoyi da Sa'adu, direban kamiyon.

"Faɗowa ya yi, Insifekta."

"Da harsashi a ƙirji? Wa ya sauka bayan shi?"

"Wallahi ban ga kowa ba."

Ƙarya ce, amma ta mai kare wani. Mainassara ya sa aka kawo Sarjan Abarci daga cikin masu boren, tsohon da ya koya masa hawan raƙumi. Ya yi furfura, tafiyarsa ce kawai ba ta canza ba.

"Baba Abarci, ka sauka daga kamiyo a hanya?"

"Ban sauka ba."

"Buɗe min hannunka."

Duk tafin ya sha karcen ƙaya. Tsohon ya dube shi, ya yi ɗan murmushi.

"Ashe ba ka mance ba."

"Mi ya kai ka, Baba?"

"Ajudan ya tsaida mu, ya ce a juya. Yaran suka ƙi, ya ɗora wa Sa'adu bindiga a ka. Na riga shi harbi. Mugu ne, amma namu ne. Ba ni barin shi ga dila."

Mainassara ya ji kamar ya yi kuka.

"Yaran za su tahi gida?" in ji Abarci.

"Za su tahi."

"To alhamdu lillahi."

Wani ɗan sanda ya matso da ankwa, Mainassara ya daka masa tsawa ya ja baya. Abarci ya gyara hularsa ya nufi motar fursuna. Insifektan ya bi shi a baya, kamar yadda ƙaramin soja yake bin sarjansa, har ya buɗe masa ƙofa.