Kira Na Huɗu

Da magariba abin ya fara. Salma tana tsakar gida tana kwashe shanya, kanta ko ɗankwali babu, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Sannan waya ta yi ƙara a ɗakin mahaifiyarta, Hajiya Maimunatu, daga ƙarƙashin zannuwan da ke cikin akwati.

Maigidan, Alhaji Ishaku, yana da shago a kasuwar Katako. Lamba ɗaya ce a allon shagon, amma Emenike mai gyaran waya ya haɗa musu ita yadda kira zai riƙa zagayawa. Na farko ya shiga wayar Alhaji, na biyu ta babban ɗansa Badruddeen, na uku ta Oluchi mai jiran shago, na huɗu ta ƙaramin ɗansa Abdulfatah. Daga nan ya koma farko.

Wata bakwai ke nan da Abdulfatah ya rasu a Titin Bauchi, ranar da motar katako ta kife da shi. Da Emenike ya zo ta'aziyya ya ce a bari ya cire sunan daga layin. Hajiya ta ce kul. Ita ke yi wa wayar Abdulfatah caji ta mayar akwati. Duk kira na huɗu a ɗakinta yake ƙara, tana zaune tana saurare har ya tsinke. Ba ta ɗauka. Ya ishe ta ta ji ana neman ɗanta.

Kwana biyu da fara jifan, Obum kafinta ya zo shago daga unguwar Congo-Russia yana faɗa. "Oga Alhaji, jiya Abdul ya amsa ni, ya ce kaya zai zo da safe. Ina kaya?"

Alhaji ya nemi wuri ya zauna.

Magaribar ranar, wayar da ke cikin akwati ta ƙi yin shiru. Salma ta shiga don ta kashe ta, ta kara a kunne, ta faɗi. Da ta buɗe ido, da muryar wanta Abdulfatah ta yi magana: "Salamu alaikum, shagon Alhaji Ishaku ne, me za a kawo?"

Ta daina cin abinci. Kwana shida Hajiya tana zaune a gefenta, kuma gaskiya sai a faɗe ta, ba ta yi gaggawar neman magani ba. Muryar take so. Sai da Alhaji ya ga awarwaro yana zamewa daga hannun yarinyar, sannan ya je ya ɗauko Malam Nuhu na Unguwar Rogo.

Malam ya zauna bayan la'asar ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Salma ta sandare.

"Wane ne kai?"

"Baƙo ne," in ji muryar. "Ban fasa ƙofar kowa ba. Ina wucewa na ji ana kira ba mai amsawa, kullum, wata bakwai. Gurbi na tarar, na zauna."

"Ina ka samo muryar mamaci?"

"A bakin uwarsa. Ita kaɗai a ɗaki tana maimaita yadda yake gaisuwa."

"Fita daga jikin yarinyar nan."

"Uwar ba ta so in fita. Tambaye ta, Malam."

Malam ya dubi Hajiya. Ta sunkuyar da kai.

"Ku bar mini wayar, in bar yarinyar," in ji muryar.

"Ko allura ba za a ba ka ba."

Muryar ta sake shawara. "To, uwar ta ɗauki kira na huɗu da hannunta, ta faɗi abin da ta ƙi faɗa. In gurbin ya rufe, ba ni da wurin zama."

Suka jira. Wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihunsa. Can ta Badruddeen. Na uku ya tafi wajen Oluchi, ba su ji shi ba. Sai akwati ya fara ƙara.

"Umma," in ji muryar Abdulfatah a hankali, "kada ki kore ni."

Hajiya ta dubi bakin da ya yi maganar. Leɓunan 'yarta ne, sun bushe sun tsage. Ta buɗe akwati, ta ɗauki wayar.

"Alo, Abdul ne?" in ji wani mutum.

"Abdulfatah ya rasu," in ji ta. "Ni ce mahaifiyarsa."

Salma ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. "Umma, ruwa," ta ce da muryarta.

Washegari Emenike ya zo ya cire sunan. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Jifa ya tsaya, Salma ta warke. Yanzu kira uku yake zagayawa ya koma farko.

Amma har yau, in mazan suna gida wayar Badruddeen ta yi ƙara, Hajiya takan ajiye abin da ke hannunta. Ta bar kira na uku ya tafi wajen Oluchi, sannan ta juya kunne wajen akwati. Sai wayar Alhaji ta yi ƙara.