Dangin Jafaru

"Ba shi da asali!"

Kawu Maikano ya buga tebur har shayinsa ya fantsama.

Ina tsaye a ƙofar falo, ban sunkuyar da kai ba. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Greensboro ta Amurka karatu a 1983, a gidansa na unguwar Glenwood nake zaune, kuma shi Babana ya wakilta a kan maganar aurena.

"Kawu, Musulmi ne fa. Bayansa kuke sallah in liman bai zo ba."

"Sallah daban, aure daban! Wa zai zo nema masa? Yaro ya kwaso ƙafa shi kaɗai ya ce a ba shi mata? Ina baffanninsa?"

Jafaru baƙar fatar Amurka ne, haifaffen East Greensboro. Yana goye mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuwa ta koma ga Allah ba ta taɓa haɗa shi da dangin uban ba.

"Ki ji ni da kyau, Rumasa'u. Kafin ƙarshen semester ya kawo min dattijo daga ɗakin ubansa. In babu, ticket zan yanka miki ki koma Kano."

"Zai kawo," na ce.

Wallahi ban san inda zai samo ba. Bakina ne kawai ya riga hankalina.

Surajo na zaune a gefe yana wani sunne kai kamar na Allah. Ɗalibin Kawu ne, kuma ya daɗe yana yi min shisshigi ina share shi. Murmushin da ya ɓoye a bayan kofi na gani, na ƙara ƙulewa.

Washegari na ja Jafaru zuwa laburaren gari.

"Hasken idona, me za mu samu a nan?" Da Turanci muke magana, amma wannan kalmar da Hausa ya haddace ta, yana faɗinta a karkace.

"Danginka. Ko a ƙarƙashin ƙasa suke sai na tono su."

Akwai ɗakin da aka keɓe wa masu neman tarihin zuri'a. Muka zauna gaban na'urar da ke haska tsofaffin takardun ƙidaya, muna murɗawa har idona ya riƙa yaji. Makonni muka yi. Mun ga kakansa, mun ga uban kakansa a ƙidayar 1870, manomi.

Daga nan sai hanya ta toshe.

Kafin wannan shekarar kakanninsa bayi ne, kuma ba a rubuta sunan bawa a ƙidaya. Shekarunsa kawai, namiji ne ko mace, ƙarƙashin sunan ubangidansa.

Jafaru ya daɗe yana kallon allon.

"Kawunki ya yi gaskiya," ya ce a hankali. "Ki koma gida, Rumasa'u. Ki auri wanda ya san sunan kakanninsa."

"Kar ka sake faɗa min haka!"

Har mutanen ɗakin suka waiwayo.

"Sace musu suna aka yi, ba yarwa suka yi ba! Ni kai nake so, Jafaru. Ko ka gaji, ni ban gaji ba..."

Sai kuka ya ƙwace min.

A ranar Surajo ya kai wa Kawu rahoto wai ya gan mu a keɓe, kai da kai. Bai ce a laburare ba ne, tsakiyar tsofaffi masu tabarau. Kawu ya karɓe makullin motar da yake ara min.

Na shiga bas.

Wata dattijuwa da ta ji ihuna ran nan ita ta tare ni, Misis Odessa, 'yar ƙungiyar masu binciken zuri'a da ke taruwa a laburaren. Na zayyane mata komai, har da al'adarmu. Ta yi dariya.

"'Yata, kawunki mai rai ya nema, ku kuma kun duƙufa kan matattu! Masu sunan zuri'ar yaron nan da yawa a wajen garin Pleasant Garden aka binne su, bayan wani ƙaramin coci. Ku je ranar Asabar, ranar ake gyaran kaburbura. Inda ake share kabari, akwai mai shi."

Muka tafi a motar Jafaru, da Anti Larai matar Kawu a kujerar baya, don kar a sake cewa mun keɓe.

Mun tarar da mutane suna yankan ciyawa. Wani tsoho dogo mai sanda ya ɗago ya dubi Jafaru. Ya sake dubansa. Sandar ta faɗi.

"Yaro... wane ne ubanka?"

Jafaru ya faɗi sunan.

"Ɗan ƙanena ne! Waɗannan kunnuwan namu ne, ko a duhu zan gane su!"

Ya rungume shi yana kuka, yana kiran mutane da sunayensu. Elbert sunansa, nan take na maƙala masa Baba. Anti Larai ba ta jin rabin Turancinsa, amma ta fi kowa sharar hawaye.

Dattijo guda Kawu ya nema.

Ranar Lahadi da la'asar motoci suka cika layinmu har kwana. Maza da kwat, mata da manyan huluna, daga coci kai tsaye. Kujerun falo suka ƙare, aka aro na maƙwabta. Surajo da ya zo ganin yadda za mu kunyata, shi aka sa jidar kujeru. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

Ni ina kicin, kunnena manne da ƙofa.

Baba Elbert ya gabatar da kansa, ya nema wa ɗansu aurena kamar yadda na koya masa. Kawu ya yi gyaran murya.

"Mun ji, mun gode. Ku je, za mu yi shawara."

Haka ake yi a wurinmu, ko an yarda sai an ja aji. Abin da na manta ban gaya wa tsohon ba ke nan. Shi kuwa ya ɗauka kora ce.

"Ba inda za ni," ya ce.

Ya jingine sandarsa, ya dubi Kawu.

"Malam, an taɓa raba zuri'armu a kasuwa, ba wanda ya yi shawara da mu. Yaron nan ya ɓace mana tun yana jariri, 'yarka ce ta dawo mana da shi. Na tsufa, ba ni da lokacin jeka-ka-dawo. A kujerar nan zan zauna sai na ji amsa."

Kawu ya gyara zama. Da ya buɗe baki, muryarsa ta canza.

"Larai, kira min yarinyar nan."

Na fito.

"Rumasa'u, ga iyayensa sun zo. Kina son sa?"

Na san abin da ake so in yi. In ja mayafi in rufe fuska, in yi shiru, a ce kunya ce ta amsa. Amma mutanen nan ba su san shirunmu ba, za su zaci tilasta min ake yi. Ga Jafaru can bakin ƙofa, numfashinsa a riƙe.

Na ɗaga kai.

"Ina son sa, Kawu! Ina son sa!"

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turanci don kowa ya ji.

"Marar kunya," in ji Kawu, yana goge ido da bakin hannun rigarsa. Ya juya ga Baba Elbert ya miƙa masa hannu biyu.

"Mun ba ku."

Anti Larai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, matan cocin suka zabura, sannan suka ɗauka da tafi.