Gabas da Masallaci

A shagon yayanta Lawal da ke Funtua Maijidda ta fara ganin Mudi. Wasan sojoji ake yi a kwamfuta, irin wanda za a jefa ka daji da taswira da kamfas, a ce nemo sansani. Mudi, ɗan manomin masara daga Bakori, sojansa sai zagaye dutse ɗaya yake.

"Malam soja, ka ɓata," ta ce. "Saman taswira arewa ne. Dubi jan bakin allurar nan."

"Mu a gona gabas muke sa wa gaba."

"Shi ya sa ake harbe ka."

Daga ranar tare suke wasan, ita ke karanta hanya, shi ke tafiya. Kun dai san zuciya, ba a daɗe ba ya koma Sojana, ita Kwamanda.

Mahaifinta Alhaji Sani da ya ji, cewa ya yi, "Mai wasan yara zan ba 'yata?" Da ƙyar mahaifiyarta Hajiya ta shawo kansa ya ce su turo.

Maijidda ta aika saƙo: "Sojana, ga taswirar unguwarmu a Malumfashi. Jan ɗigon da ke saman masallaci shi ne gidanmu. Kar ka ba ni kunya."

"An gama, Kwamanda."

Ran Asabar Kawu Buba, kawun Mudi, ya iso masallacin da goro da dattawa biyu, ya bugo wa Mudi waya. "Ina muka nufa?"

Mudi ya leƙa taswira. "Gabas, Kawu. Gidan farko."

Alhaji da ƙannensa na kan tabarma tun hantsi har azahar, fura ta tsinke. Can labari ya zo an ga baƙin Bakori sun shiga gidan su Shafa'atu, wata budurwa a unguwar, da goro. Alhaji ya naɗe tabarmarsa, ya ce kada a sake yi masa zancen yaron.

Maijidda ta rubuta tana hawaye: "Ashe Shafa'atu ce sansanin?"

"Wace Shafa'atu? Wallahi yadda kika zana na faɗa, gabas da masallaci."

Ta karanta, sai ga dariya cikin kuka. Ta je ta durƙusa gaban Alhaji da wayar.

"Baba, duba. Nan arewa ne. Shi kuwa duk abin da ya riƙe, samansa alƙibla ce." Ta juya saman wayar gabas, jan ɗigon ya fuskanci gidan su Shafa'atu.

Alhaji ya juya wayar da kansa, ya sake juyawa. 

"Sakarai ne," ya ce, "amma mai fuskantar gabas. Su dawo. Lawal ya tarbo su a tasha."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Shafa'atu ce ma babbar ƙawa. Da za a kai amarya Bakori, Mudi ya bugo zai yi kwatance, Kawu Buba ya kashe wayar.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.