Taya a Cikin Hotunan Amarya

Haushi ya hana Sufeto Tijani shan shayinsa a safiyar Lahadi. Hotunan bikin wata amarya, Rakiya, na ɗakin mata zalla, kai ba ɗankwali, sun bazu a wayoyin samarin Tamanrasset. Yarinya ta kulle kanta a ɗaki, 'yan'uwanta kuwa sun rantse sai sun ƙone shagon Bilkisu mai hoto.

Uwar Tijani 'yar Agadas ce, don haka da Hausa ya tare Bilkisu a shagon.

"Wa kika ba hotunan?"

"Wallahi babu! Don sun yarda da ni mata ke cire lulluɓi a gabana. In amanar nan ta tafi, tawa ta ƙare."

"Wa ke taɓa kwamfutar?"

"Ni kaɗai. Sai Maman mai gyara, da ya sa mini wata manhaja."

Ta nuna masa. A da, kafin ta adana hoto sai ta yi ta buɗe dosiye cikin dosiye, wato jakunkunan ajiya na kwamfuta. Yanzu da ta danna, manhajar sai ta kai ta dosiyen da aka buɗe na ƙarshe.

Da aka kawo Maman, ya fara da rantsuwar bai san komai ba. Sufeto ya buga tebur.

"Mutuncin 'yar mutane na yawo a kasuwa, kana yi mini wasa?"

Sai Maman ya ce, "Mijin Bilkisu, Mahamane mai taya, shi ya tambaye ni yadda ake kwashe hotuna daga kwamfuta a sa a waya."

Aka kira Mahamane shagon. Ya iso da rawani fes, yana tsaki.

"Ni? Ranar Juma'a da ta rufe shago ina garin Tit. Ban ma san ta inda ake kunna abin nan ba."

Tijani ya sa Bilkisu ta buɗe dosiyen bikin, suka yi ta wucewa. Lalle, guɗa, rawa. Kwatsam sai ga hoton tarin tayoyi, an rubuta lambar waya a ƙasa.

"Oh ni! Wannan ba aikina ba ne," in ji Bilkisu.

Sufeto ya buga lambar. Waya ta ɗau ruri a aljihun Mahamane.

Sufeto ya ce, "Ka kwashi hotuna, sannan ka ce bari ka gyara tallarka tunda ga banza ta samu. Ka danna adana, ka ɗauka wayarka ta nufa, manhaja ta jefa ta inda ka fito. Marar kunya!"

Mahamane ya zube a kujera.

"Kowa a kasuwa cewa yake mijin mai hoto. Na ce ta bar aikin, ta ƙi. Na ga in mata suka guje ta, za ta zauna gida."

Tijani ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, ya daure, ya ɗaura masa ankwa.

Bilkisu ba ta yi kuka ba. Ta jawo mayafinta.

"Sufeto, ku biya da mu gidan su Rakiya tukuna. Ya maimaita maganar nan a gaban uwarta."