Takardar Fanya da Aka Ɗinke a Fata

Zare Zulaihatu ta zo saye kasuwar Sabon Birni, amma kunnenta ya ja ta wata rumfa daban. Wani tela ne ke taka keke yana magana shi kaɗai, kowane taki da kalmarsa: "Yo coso, tú coses, él cose."

Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta iya wuce abin da ba ta gane ba. Ta tsaya ƙyam.

"Malam, da keken kaka magana, ko da aljannu?"

Ya ɗago, ƙafarsa ta manta da taki. "Da kaina nika yi, kar in mance. Sifaniyanci ne, harshen Turawan Fanya. Ma'anatai, ina ɗinki, kina ɗinki, shina ɗinki."

"Ni ban ɗinki."

"To sai ki koya, kar maganata ta zam ƙarya."

Ta kai mayafi baki don ɓoye dariya, amma sunan Fanya ya riga ya tsaya mata a rai. Fanya, tsibirin gonakin koko da ke bayan teku, nan yayanta Jibrilla ya tafi ƙwadago shekara shida da suka wuce. Telan, Attahiru mutumin Isa, shekararsa huɗu a can, ya dawo da keke da wani ɗan littafin koyo da ya sha hannu.

Shekara uku ke nan da wata takarda ta iso gidansu daga Fanya. Jibrilla bai taɓa zama gaban allo ba, don haka wani ya rubuta masa. Malamin ofis na Isa ya juya ta, ya ce wannan ba Turancin Ingila ba ne. Wada, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga Maraɗi, ya ce ta yi kama da Faransanci amma ba shi ba ne. Mahaifin Zulaihatu, Malam Maliki, ya tsorata kada labarin mutuwa ne. Ya kai wa baduku aka ɗinke ta a jar fata kamar laya, ya rataye a ɗakinsa. Abin da aka ɗinke kuwa ba a farkewa.

Zulaihatu ta ƙudurta sai ta karanta takardar nan da idonta. Duk ranar kasuwa takan raka Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinta, wadda rumfar daddawarta ke maƙwabtaka da ta telan. Attahiru ya fara mata da baƙaƙen boko a bayan allo, sannan yo, ni, tú, ke, él, shi, ella, ita.

"In an ce mu fa?"

"Nosotros."

"Kai, wagga ta yi tsawo."

"Mutum biyu ta ɗauko, Zulai, dole ta yi tsawo."

Ranar ba ta ƙara tambayar komai ba, abin da Gwaggo Tasalla ta ce ba ta taɓa gani ba.

Kafin damina ta fita ta iya sauya wutsiyar kalma ta bi mai aikin, kuma ta san tana son malaminta. Shi ma bai ɓoye ba, ya tura manyansa daga Isa.

Sai dai Wada, wanda ya daɗe yana zawarcinta ba ta kula shi, ya riga su zaure. Ya gaya wa Malam Maliki wai telan dillalin 'yan ƙwadago ne, harshen da yake koya mata kuma shirin tsallakawa da ita ne. Tsohon ya sallami baƙi da ruwan sanyi kawai.

"Fanya ta ci man ɗa guda," in ji shi. "Ba ni ba ta ɗiya."

Aka hana ta kasuwa. Mako biyu ta yi tana rama, tana zargin ko maganar Wada gaskiya ce, tunda shiru ba aike. Sai Gwaggo Tasalla ta zo da 'yar takarda cikin ganyen daddawa, da ajami:

"Zulai, ɗalibata mai gardama. Wallahi ban komawa Fanya, ko da ke ko ba ke. Na ga abin da ke can. Keke nig girke Sabon Birni, nan za ni tsufa. Na tsaya ga nosotros, ban wuce ba."

Ta amsa a bayanta: "Malamina, na ji. Yo espero, ina jira. In na ɓata wutsiyar, ka gyara."

Washegari da hantsi ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka ba ni takardar Yaya in karanta."

"Ke? In mutuwa ta fa?"

"In mutuwa ta, mu yi mai addu'a da sadaka. Shekara uku ba mu yi mai ko ɗaya ba, ba mu kuma aika mai gaisuwa ba."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Daga baya ya sauko da fatar, ya zaro wuƙa zai farke ta. Gwaggo Tasalla ta riƙe shi.

"Yaya, za ka yanke takardar. Wanga aikin mai allura ne."

Ya harare ta, don ya san inda ta dosa. "A kira shi. Amma ɗinki kaɗai za shi farke, ɗiyata ka karatu."

Attahiru ya zo ya zauna bakin zaure, ya bi zaren ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura. Bai ko kalli rubutun ba, ya miƙa da hannu biyu.

Zulaihatu ta ɗora yatsa kan layin farko. "Yo vivo en Santa Isabel. Baba, shi ka magana da bakinai! Ya ce shina zaune wani gari, Santa Isabel. Trabajo en el... aiki shika yi ga..." Ta furta kalmar a karye, ma'anarta ta maƙale mata, ta saci kallon ƙofa.

Tsohon ya kasa haƙuri. "Kai tela, kana ji tana wahala ka yi shiru?"

"Puerto, Baba. Tashar jirgin ruwa."

Ta ci gaba. Yana da mata. Yana da ɗa namiji. "Él se llama Maliki," ta karanta, ba ta fassara ba, don kowa ya ji sunan. Layin ƙarshe kalma biyu ne, ɗayar kuwa jiya ta rubuta ta da hannunta. "Espero carta. Shina jiran wasiƙa."

Malam Maliki ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka, kukan daɗi da na nadama a haɗe. "Shekara uku yaro na jiran amsa, ni kau na rataye shi ga bango." Ya share ido ya dubi Attahiru. "Ka san yadda aka aika takarda ta kai?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ba ka komawa?"

"Takardar kaɗai za ta tahi."

"To ka ce ma manyanka su komo. Wanga karon za su sha hura."

Bayan kaka aka ɗaura aure, mutanen Isa da na Gatawa, garin su Zulaihatu, suka cika ƙofar gida, Wada kuwa ya ce tafiya Maraɗi ta kama shi. Amsa ta riga ta tafi tun kafin nan, Zulaihatu ce ta rubuta, mahaifinta na faɗa. Ya ce a ba Jibrilla haƙuri, a shafa masa kan takwara, a kuma gaya masa gida an yi ƙari.

Ranar da za a kai amarya ya dafa kanta ya sa albarka, sannan ya rage murya.

"Wace kalma taf fara takardarmu? Doguwar nan."

"Nosotros, Baba. Mu."

Ya gwada ta sau biyu, ta karye masa a baki. Ya yi dariya ya ce, "Allah shi bar ku cikinta, ku da shi da mu duka."