Na'urar da Ɗana Ya Kafa a Bango

Da na ƙi komawa gidan ɗana, sai ya kafa mini wata na'ura a bangon falo. Ya ce ta fi ɗaukar mai jinya arha. Kullum bayan magariba nas takan yi magana ta ciki, ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jini.

Ran nan ina ninke sallaya muryar ta zo.

"Inna, tattara kayanki. Mun zo tafiya da ke."

Muryar nas ce, amma babu jan numfashi a cikinta, babu hayaniyar ofis da na saba ji a bayanta. Ɗakin ya ɗauki sanyi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci.

Na ce, "'Yar nan, tafiya ina? Ƙafata ƙafar kujerar nan."

"Buɗe ƙofa kawai," in ji ta. Sai ta kira ni da sunan da mahaifiyata kaɗai ke kirana da shi, ita da ta shekara arba'in a ƙasa.

Na dogara sandata na nufi bango in kashe abin. Wayar wutarsa na reto. Ashe tun safe na cire ta na jona butar shayi, na manta ban mayar ba.

Na ja kujera na zauna ina fuskantar na'urar.

Na ce, "Wanda na haifa ma bai fitar da ni daga gidan nan ba. Balle ke."